Radon a cikin ɗaki: bitar binciken Sarah Darby

A farkon 2005 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani aiki da Sarah Darby ta Jami'ar Oxford ta jagoranta, cikin abokan aikinta har da Richard Doll, wanda tun a 1950 ya danganta sigari da ciwon dajin huhu. Tambayarsu ɗaya ce: iskar radon, wadda ke tsattsafowa daga ƙasa mai yuraniyom ta taru a ɗaki, ba launi ba wari, tana kashe mutane a gidajensu?

An daɗe da sanin tana kashe masu haƙar ma'adinai a cikin rami. Batun gida ne ya raba kan masana. A 1995 Bernard Cohen na Jami'ar Pittsburgh ya kwatanta gundumomin Amurka sama da 1,600, ya ga inda radon ya fi yawa can ciwon dajin huhu ya fi ƙaranci. Sai dai gundumomi ya auna, bai auna mutane ba, kuma shan sigari ya bambanta daga wata gunduma zuwa wata, ya rikita lissafin.

Nan darajar aikin Darby take. Sun tattaro bincike 13 daga ƙasashen Turai tara, masu cutar 7,148 da marasa ita 14,208, suka bi kowa da gidajen da ya zauna da irin sigarin da ya sha. Duk ƙarin bekerel 100 (ma'aunin yawan radon) a mita kubik na iska yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 8 cikin ɗari, ko kashi 16 idan aka gyara kuren awo. Ba su ga wani mataki da haɗarin ke ɓacewa a ƙasansa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ƙi tsorata mai karatu. Wanda bai taɓa shan sigari ba, yiwuwar cutar ta same shi kafin shekara 75 tana tashi daga kashi 0.4 zuwa 0.7 idan radon ya kai bekerel 400. Na mai sha kuwa daga kashi 10 ne zuwa 16. Duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma ya san wa ya kamata a fara ja wa kunne.

Ina da ƙorafi. Awon da aka yi yau shi ke tsaya wa iskar da mutum ya shaƙa shekaru talatin baya, wasu gidajen ma ba a samu aunawa ba sai aka cike gurbi da ƙiyasi. Hujjar tana kuma raunana a gidaje masu radon kaɗan, alhali nan akasarin jama'a suke. Marubutan ba su ɓoye matsalar awon ba, kuma a kan irin wannan hujja Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara a 2009 da ta ba ƙasashe shawarar ɗaukar bekerel 100 a matsayin ma'auni, kada ya wuce 300.