Wankin Hoto Baƙi-da-Fari: Sana'ar Ɗakin Duhu da Gadon da Ta Bari a Kudancin Garin Kaduna

Tsofaffin hotuna baƙi-da-fari da ke rataye a gidajen Unguwar Boro, Sabon Tasha, Kakuri da Barnawa kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka haura shekara 50 amma fuskokin cikinsu na nan tangaram. Akwai kuma waɗanda ba su kai haka ba, sun yi jaja-jaja, har ba a rabe amarya da ƙawarta. Ruwa ba ya tsami banza. Tun ranar wanki aka yanke wa kowane hoto tsawon ransa, a wani ɗan ɗaki mai duhu a bayan shagon mai hoto, ko a kusurwar gidansa da ya toshe tagarta da bargo. A wannan ɗaki ake gane gwani, kuma shi ne ɓangaren sana'ar da mai zuwa ɗaukar hoto bai taɓa gani ba.

Yadda sana'ar ta kafu

Kaduna garin ma'aikata ne tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Kudancin kogin Kaduna ya zama cibiyar masana'antu: masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara a 1975, matatar mai kuma a 1980. Kowane ma'aikaci na buƙatar hoton fasfo don katin shaida, ɗansa na buƙata don makaranta, maniyyaci na buƙata don tafiya Makka. Ko waɗanda ke ɗari-ɗari da hoto saboda saɓanin malamai a kansa, larura ta zaunar da su gaban kyamara. Daga hoton larura aka wuce zuwa na ado: ranar Sallah, Kirsimeti, biki da suna.

Da yawa daga masu hoton farko a biranen Arewa mutanen Kudu ne, Yarbawa da Ibo, kuma a hannunsu samarin gari suka koya. Jaridu irin su New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna a 1966, da ma'aikatun yaɗa labarai su ma sun horar da masu wanki. Yaron shago ba ya fara taɓa kyamara. Ɗebo ruwa yake yi, ya wanke faranti, ya shanya hotuna, sai an ga natsuwarsa a bar shi ya haɗa sinadari. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Najeriya suka zagaya duniya, a matsayin mataimaki a ɗakin duhu ya fara, a Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Ibadan a 1954.

A bakin tasha da ƙofar ofisoshi kuwa akwai masu akwatin katako mai ƙafa uku, waɗanda ɗakin duhunsu na cikin akwatin. Mai hoto ya zura hannu ta wata rigar baƙin ƙyalle ya wanke takarda a ƙananan kwanoni biyu, ya fito da hoto juyayye, ya sake ɗaukar wannan juyayyen, sannan ya miƙa wa mutum hotonsa da sauran danshi.

Abin da ke faruwa cikin duhu

Fim leda ce da aka shafa wa wani danƙo mai suna jelatin, cike da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya taɓa ƙwayoyin, sukan canza ta yadda ido ba ya gani. Aikin mai wanki ya fito da wannan ɓoyayyen hoto, kuma mataki huɗu ne. Sinadarin farko, dibelofa, yana mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Sai ruwa mai ɗan tsami ya tsayar da aikinsa. Na uku, fiksa, yana narkar da ƙwayoyin da haske bai taɓa ba, don kada su yi baƙi daga baya. Na ƙarshe ɗauraya, don fitar da fiksar kanta. Abin da ya fito shi ne nagetif, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Daga shi ake haska hoto a kan takarda da injin faɗaɗawa, a bi da takardar ta cikin matakan nan huɗu.

Jan ƙwan da aka san ɗakin duhu da shi na takarda ne kawai, domin takarda ba ta jin jan haske. Fim kuwa yana jin kowane launi, don haka da lalube ake naɗa shi a cikin duhu ƙirin. Aikin ya yi kama da na marina: ƙarfin baba, tsawon jiƙo da yawan motsawa su ke yanke irin launin da zai fito, kuma abin da ya wuce kima ba ya komawa.

A wajen fiksa da ɗauraya ne asirin hotunan da suka yi ja yake. Takardar da ake amfani da ita a da tana shan fiksa sosai, tana buƙatar ɗauraya mai tsawo, wani lokaci har kusan awa guda. A unguwar da ruwa sai an ja daga rijiya ko an saya wurin 'yan garuwa, ga kuma mutane na jira a ƙofa, mai hoto kan gajarta. Bayan faɗuwar darajar naira a 1986, kayan Kodak, Ilford da Agfa da ake shigowa da su suka yi tsada, sai aka riƙa maimaita fiksa har ta gaji. Hoton kan fito fes ranar karɓa, sai bayan shekaru laifin ya bayyana.

Gwagwarmaya da yanayi

Kamfanonin fim sun tsara umarninsu a kan ruwa mai zafin digiri 20. A Kaduna, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana kan haura digiri 35, ruwan tankin kan rufi kuma ya ɗumame. A irin wannan ruwa dibelofa kan yi gaggawa, hoto ya yi kaushi, jelatin ya yi laushi har farce ya kwashe shi. Masu wanki sun koma aiki da dare ko da asuba, suna ɗibar ruwan randa, suna jefa ƙanƙara, suna rage mintoci gwargwadon zafi. Hunturu yana kawo sanyin da ake so, amma ya zo da ƙura: duk ƙwayar da ta manne wa jiƙaƙƙen fim za ta fito fari tas a fuskar mutum, sai an bi ta da siririn buroshi an cike. Damina kuma lokacin fumfuna ce, wadda ke cin jelatin. Ga wutar NEPA mai hawa da sauka, tana canza hasken ƙwan injin faɗaɗawa a tsakiyar aiki. Wanda ya fitar da hoto mai kyau a wannan hali ya san kimiyyar aikinsa, ko da bai taɓa karanta ta a littafi ba.

Baƙar fata da farar riga

Babbar jarrabawar mai hoto a ƙasar nan ita ce mutum baƙi cikin farar babbar riga. Ka bi fuska, riga ta ƙone ta zama farin fili. Ka bi riga, fuska ta nutse. Gwanaye sun warware wannan da ba fim isasshen haske don fuska, su rage lokacin wanki don kada farin ya wuce gona da iri. Wajen bugawa kuma su tare haske da hannu a kan fuska, su ƙara shi a kan riga, har aikin aska takwas ya fito zare-zare. Wannan shi ne ƙololuwar fasahar ɗakin duhu a wurinmu.

Amma a nan kuma rauninta yake. Masu zuwa hoto da yawa sukan ce a haskaka su, mai hoto kuma ya bi nagetif da fensir yana goge ƙuraje, wani lokaci har da tsagar gado, ya fito da fuska sumul wadda ba ta mai ita ba. Abin da manhajojin waya ke yi yau, an fara shi tun a wancan ɗaki. Rauni na biyu ɓoye sani: maigida ba ya rubuta ma'auninsa, yaro sai dai ya saci kallo, don haka dabaru da yawa suka bi masu su kabari. Na uku shi ne zubar da tsohuwar fiksa a kwata, alhali tana ɗauke da azurfa mai cutar da halittun ruwa. Mafi muni shi ne rashin rubuta suna da kwanan wata a jikin ambulan nagetif.

Faɗuwar kasuwa da abin da ya rage

Injinan wanke hoto mai kala da suka yaɗu a shekarun 1980 sun mayar da mai hoto ɗan aike: ya ɗauka, ya kai wa inji, ya karɓo. Kyamarar dijital da wayar hannu suka ƙarasa aikin, har kamfanin Kodak ya nemi kariya daga masu binsa bashi a 2012. A Kaduna an ƙara da rufewar masaƙu, da rikice-rikicen 2000 da 2002 da suka ƙona gidaje da shaguna, suka raba garin ta kogi. Wanda ke gudun ceton rai ba ya ɗaukar akwatin nagetif.

A Bamako labarin ya sha bamban. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban nagetif ɗinsa. Da duniya ta waiwaye shi a farkon shekarun 1990, daga su aka buga manyan hotunan da suka shiga gidajen tarihi. Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje-kolin Venice a 2007, kuma tun 1994 Bamako ke karɓar baƙuncin taron masu hoto na Afirka. Haka Philippe Koudjina ya bar wa Yamai hotunan rayuwar samarinta na shekarun 1960 da 1970. Abin da ya ɗaga su shi ne aikinsu ya tsira har aka gan shi.

Har yanzu Ilford da Kodak na yin fim baƙi-da-fari, kuma wanke shi a gida ba ya buƙatar ɗaki ko lantarki: baƙar jakar canji, ƙaramin tanki mai murfi, ma'aunin zafi da sinadarai sun isa, sannan a ɗauki nagetif da kyamarar dijital a juya shi. Sai dai da kuɗin waje ake sayen kayan, don haka ba sana'ar cin abinci ba ce kuma. Amfaninta a yau koyarwa ne, ga ɗaliban zane da aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello, domin fim mai hoto 36 kacal yana tilasta wa mutum karanta haske kafin ya danna.

Aikin gaggawa shi ne ceto abin da ya saura. Duk iyalan da mahaifinsu ya yi sana'ar hoto, su duba akwatunansa kafin su zubar. A fitar da nagetif daga leda a sa a ambulan takarda, a ajiye a wuri busasshe nesa da zafin kwano, a rubuta sunan da aka sani da shekara. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna su buɗe ƙofa ga irin waɗannan kaya, masu bincike kuma su zauna da tsofaffin masu wankin da suka rage a Kakuri, Sabon Tasha da Unguwar Boro, su rubuta abin da suka sani tun suna raye.