Fatsa a Bakin Labari: Tarken Rubutun Farautar Masu Karatu a Intanet, da Misalin Riruwai

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Janairu na 1939, lokacin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, rubutun zube na Hausa yake da kasuwa, kowace kasuwa kuwa da irin tallarta. A zamanin Alhaji Abubakar Imam mai karatu yakan ba da kwabonsa ya karɓi jarida sukutum, idan ta gamshe shi ya komo ya sayi ta gaba. A yau kuwa jama'a da yawa a waya suke karatu, kuma labari ɗai-ɗai suke tsinta. Tsakanin marubuci da mai karatu an sami wani dillali, watau injin bincike irin na Google, wanda shi ne yake zaɓen rubutun da zai sa a gaba da wanda zai tura baya.

Wannan dillanci ya haifar da wani nau'in zube da ake tsarawa musamman domin injin ya tsince shi. Manufar wannan takarda ita ce ta tarke wannan nau'i ta fuskar kanu, da salo, da ƙa'idojin rubutu, da jigo, sa'an nan ta auna shi da garin Riruwai na kudancin jihar Kano. Abin da ake son a nuna shi ne, rubutun da aka yi don a burge dillali yakan jawo mai karatu sau ɗaya ya kore shi har abada, alhali kuwa abin da yake riƙe mai karatu shi ne ya tarar da abin da babu shi a wani wuri.

2.0 Yadda Dillalin Yake Zaɓe

Injin bincike yana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, yana tattara kalmomin da ke cikinsu, yana jera su kamar yadda ake yi wa littafi fihirisa. Idan mutum ya rubuta tambaya, sai injin ya duba shafukan da kalmominsu suka dace da ita, ya jero su bisa daraja. Dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kanta a 1998 ita ce, shafin da wasu shafuka suka fi nuni gare shi, shi ya fi cancantar zama a sama. Mai shafi kuwa tallace-tallacen da ake liƙawa a gefen rubutu su ne abincinsa, kuma yawan masu leƙowa shi ne yawan kuɗinsa.

Ba laifi ba ne marubuci ya nemi masu karatu, ba kuma laifi ba ne ya nemi abin tuwo da alƙalaminsa. Haƙiƙa ma wannan kasuwa ta yi wa Hausa rana, domin ta sa an rubuta ta a kan lafiya da noma da wasanni da sana'o'i fiye da yadda jaridun takarda suka taɓa samun fili. Inda gizo yake saƙa shi ne lokacin da marubuci ya daina tambayar kansa abin da mai karatu zai ƙaru da shi, ya koma tambayar abin da injin zai ƙirga.

3.0 Kanu

Aikin kan labari shi ne ya faɗi abin da ya faru a taƙaice. Kanun farauta kuwa aikinsu su ɓoye shi. Sun kasu kamar gida uku. Na farko su ne masu ƙararrawa, irin su “Da ɗumi-ɗumi” da “Yanzu-yanzu” da “Tirƙashi”, waɗanda ake liƙa wa labari ko da ya kwana uku. Na biyu su ne masu rufa-rufa, inda za a ce “wani gwamna” ko “wata fitacciyar jaruma”, a ƙi faɗin suna sai an shiga. Na uku su ne masu ƙidaya, irin su “Abubuwa biyar da ya kamata ka sani”, ko da abubuwan biyu ne aka tsinka su suka zama biyar.

Talla ba baƙuwa ba ce a al'adar Bahaushe. Mai tallar fura tana da kirarinta, mai maganin tasha yana da nasa zaƙin baki. Amma mai sayen fura yana iya ɗanɗanawa kafin ya biya. Kanun rufa-rufa kuwa cinikin biri a sama ne: sai mutum ya kashe kuɗin datarsa ya shiga, sa'an nan ya ga abin da ya saya. Mafi muni shi ne yadda ake sa kalmar istirja'i, wadda Musulmi yake furtawa a lokacin musiba, a bakin labarin da bai kai ya kawo ba. Kalmar da aka yawaita kira ba gaira ba dalili nauyinta zubewa yake yi, ranar da babbar musiba ta zo sai a rasa abin da za a kira ta da shi.

4.0 Salo

Alama ta farko ta wannan salo ita ce maimaita kalmar da ake zaton mutane suna nema. A ƙaddara an ba irin wannan marubuci aikin rubutu a kan Riruwai. Ga yadda yakan fara: “Riruwai gari ne a jihar Kano. Mutane da yawa suna tambaya ina Riruwai take. A wannan rubutu za ka san komai game da Riruwai da tarihin Riruwai.” An ambaci sunan sau huɗu a jimla uku, amma bayani ɗaya tak aka bayar. Hausa tana da wakilin suna domin kauce wa irin wannan nanatawa, kuma Bahaushe ba ya kiran sunan mutum a kowace gaɓa sai in faɗa yake yi da shi.

Alama ta biyu ita ce jan rai. Ƙa'idar rubutun labari ita ce a fara da muhimmin abu. A nan kuwa sai a tura shi can ƙasa, a cika sama da shimfiɗa, domin mai karatu ya ratsa talla uku ko huɗu kafin ya kai gare shi.

Alama ta uku ita ce fassarar inji. Tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a watan Disamba na 2013, hanya mafi sauƙi ta cika shafi ita ce a ɗauko rubutun Turanci a juya shi, a liƙa ba tare da gyara ba. Daga nan ne ake samun “ya biya ziyara” maimakon “ya kai ziyara”, da “a ƙarshen rana” maimakon “daga ƙarshe”, da “an gina shi ta gwamnati” maimakon “gwamnati ce ta gina shi”. Kalmomin na Hausa ne, amma ƙashin jimlar na wani harshe ne. Yaron da ya tashi yana karanta irin wannan kullum zai ɗauka haka Hausar take.

5.0 Ƙa'idojin Rubutu

An sha wahala kafin a daidaita rubutun Hausa na boko, tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, zuwa taron Bamako na 1966, har zuwa taron Yamai na 1980 inda aka nemi kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Babbar ribar wannan aiki ita ce baƙaƙe masu ƙugiya da ƙa'idar raba kalmomi. Marubucin farauta yana ganin masu nema ba sa sa ƙugiya idan suna rubuta tambaya, don haka shi ma sai ya zubar da ita domin kada a wuce shi. Abin mamaki ke nan: ya cire ƙugiya daga baƙaƙe, ya ɗaura ta a bakin labari.

Illar wannan a fili take. Idan aka rubuta “Gwamnati ta bata fili”, ba a san ko ta ɓata fili ba ne ko kuwa ta ba ta fili. Haka “baki” da “baƙi”, da “kafa” da “ƙafa”. Uzurin da ake kawowa a da, na rashin waɗannan baƙaƙe a keken rubutu, ya faɗi, domin wayoyin zamani suna da allon rubutu na Hausa. Sa'an nan kuma injunan fassara da na tsara zance daga abin da aka rubuta suke koyo. Kuskuren da aka shuka yau, shi injin zai girbe ya mayar wa jama'a gobe a matsayin daidai.

6.0 Jigo: Misalin Riruwai

Duk waɗannan aibobi ana iya gyara su da edita nagari. Aibin da ya fi zurfi yana wajen zaɓen jigo. Marubucin farauta yana duba abin da mutane suka riga suka yawaita tambaya, sai ya rubuta a kansa. Saboda haka abin da aka sani shi ake ta maimaitawa, abin da ba a sani ba kuwa ba mai tambayarsa, balle a rubuta shi. Wannan ne ya sa ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba ta cika fitowa a kanu ba sai an yi hatsari a hanyar Jos, ko 'yan fashi sun ɓulla a dajin Falgore, ko an yi rigimar zaɓe.

Alhali kuwa Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, gari ne mai tarihin da ya isa littafi. Tun kafin zuwan Turawa mutanenta suke haƙar kuza, su narkar da ita, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai ta Kano da sauran kasuwanni. Daga cikin masu wannan sana'a ne wasu suka ƙaura suka zauna a Riruwain Dalma ta ƙasar Bauci. Irin waɗannan tsinkayen kuza da Turawa suka gani a hannun 'yan kasuwa su ne suka sa Kamfanin Neja ya aika da masu bincike a 1902 su gano inda take fitowa, abin da ya kai ga buɗe haƙar kuza a tsaunukan Jos, ya kuma durƙusar da sana'ar narkarwa ta gargajiya. Duwatsun Riruwai suna cikin waɗanda Jacobson da MacLeod da Black suka yi bayaninsu a littafinsu na 1958 a kan duwatsun Arewacin Nijeriya, kuma Bill Freund ya kawo labarin masu narkar da kuza a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza. A shekarun 1970 an shiga haƙa ta ƙarƙashin ƙasa domin kuza da tutiya, aikin ya tsaya a shekarun 1980, waɗanda a cikinsu ne, a 1985, kasuwar kuza ta duniya ta rushe.

Kusan duk wannan da Turanci aka rubuta shi, kuma ba da suna ɗaya ba. Tsofaffin takardu suna cewa Liruei ko Liruein Kano, masana duwatsu suna cewa Ririwai, mutanen gari suna cewa Riruwai. Ɗalibin da ya nemi garinsu da suna ɗaya ba lalle ne ya tarar da abin da aka ajiye a ƙarƙashin sauran ba. A nan ne sanin halin injin bincike yake da amfani na gaskiya: marubucin da ya kawo sunayen duka sau ɗaya, ya bayyana cewa gari ɗaya ne, ya haɗa wa mai karatu abin da ya warwatse. Wannan hidima ce. Nanata suna sau ashirin kuwa cika shafi ne.

Bayan abin da ke cikin littattafai, akwai wanda ba a rubuta ba sam: kalmomin masu wankin kuza da sunayen kayan aikinsu, da waƙoƙin lebura, da abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu game da aikin tilas na haƙar kuza da Turawa suka ɗora wa Arewa daga 1942 zuwa 1944, da yadda madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta sauya noma da kamun kifi a ƙasar Bebeji. Babu injin da zai fassaro waɗannan daga wani harshe, domin a bakin mutane suke, mutanen kuwa tafiya suke yi. Kowane tsoho da aka binne ba a ɗauki maganarsa ba, an binne shi da shafukan da ba za a sake samu ba.

7.0 Kammalawa

Ko ta fuskar riba ma, rubutun farauta gini ne a kan yashi. Google kansa ya sauya ma'auninsa a 2011, ya sake sauyawa a 2022, domin ya tura shafukan da ba su da ƙwaya baya. Daga 2024 kuma ya fara taƙaita amsa da kansa a saman shafi, ta yadda mai neman ɗan bayani na gama-gari ba ya bukatar shiga ko'ina. Wanda ya kwashe shekaru yana koyon yaudarar dillali, dare ɗaya dillalin yakan sauya hali ya bar shi da kaya a hannu.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Ta farko, kan labari ya faɗi abin da ke cikinsa, da kalmomin da mutane suke amfani da su, domin wannan ya wadatar da mutum da inji baki ɗaya. Ta biyu, masu shafuka su ɗauki editocin da suka san ƙa'idojin rubutu, kada fassarar inji ta fita sai ta bi ta hannunsu. Ta uku, sassan koyar da Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su riƙa tura ɗalibai garuruwansu su tattaro abin da ke bakin jama'a, a tace shi, a sa shi inda mai nema zai samu.

Kuzar Riruwai ba ta yi shela ba a lokacin da aka biyo sawunta daga kasuwa har zuwa tsauni. Ingancinta ne ya jawo masu nema. Haka rubutu yake. Wanda ya tsaya wankin yashin da kowa ya wanke, abin da zai samu kaɗan ne. Wanda ya haƙa inda ba a taɓa ba, shi za a riƙa nema da suna.