Kara-Kara Ba Ta Da Nisa: Sharhi a Kan Fim Ɗin "Zinder"

A shekarar 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da fim mai suna "Zinder". Fim ne na gaskiya, babu ƴan wasa a ciki, mutanen da ake gani rayuwarsu ce suke yi, kuma da Hausa suke magana. Ta shiga unguwar Kara-Kara, inda tun da can ake ware kutare da waɗanda gari ya ƙi, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira "pale". Kafin wannan, a 2016, ta yi "L'arbre sans fruit" a kan matan da ake gorantawa don ba su haihu ba. Ke nan idonta ya saba da kallon wanda aka tura gefe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi mana wa'azi ba. Ta bar samarin sun yi magana da bakinsu. Ga masu ɗaga ƙarfe, ƙirji kamar bango, suna mafarkin kafa kamfanin gadi don su ci halaliyarsu. Ga tsohon shugaban pale da ya koma direba, abin da ya aikata a baya yana hana shi sakat. Ga masu fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya, sana'ar da mu ƴan Sassumbrum, da muke zaune a bakin iyaka, ba sai an yi mana bayaninta ba. Har akwai palen da ya ɗauki sunan Hitler da tutarsa. In ka saurare su sai ka gane ba tarihin Jamus ne ya dame su ba, suna kawai suke nema wanda in an ji shi gaba zai faɗi. Wanda aka daɗe ana rainawa, ranar da ya gano ana iya jin tsoronsa, wallahi da wuya ya saki wannan daɗin.

Wani zai ce don me za a sa wa fim sunan gari sukutum alhali unguwa ɗaya aka nuna? Ni dai ina ganin sunan ya dace. Kara-Kara ba ita ta ware kanta ba. Gari ne ya ce kutare su matsa can, sannan ya ci gaba da ƙyamar ƴaƴansu da jikokinsu waɗanda ko tabo ba su da shi. Kuturta tana warkewa, tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba maganinta kyauta. Amma "ɗan kuturu" har gobe zagi ne a bakinmu.

Inda nake da ƙorafi shi ne fim ɗin ya tarar da manyan mutanensa sun riga sun girma. Mun ga tabon wuƙa, ba mu ga ranar da yaro ɗan shekara bakwai ya fara jin an kira shi da sunan da ba na yanka ba, ajin duka ya kwashe da dariya. Wannan giɓin yana da haɗari ga mai kallo irinmu. Sai mu gama kallo mu ce, "Allah sarki, ƴan birni," mu kurɓi shayinmu a fada, kamar abin bai shafe mu ba.

To ya shafe mu, ƴan uwa ɗalibai. Ku dubi yaron da ya taso daga ƙauye ya shigo siziyam a kolej, yana zaune gidan wanda ya karɓe shi riƙo, riga ɗaya, takalmin roba. Ya buɗe baki zai yi Faransanci harshe ya karkace, shi ke nan ya samu laƙabin da zai bi shi har ya bar lakwal. Ku dubi mai in'ina, da gurguwa, da zabiya, da Bafillacen da ake kwaikwayon maganarsa, da almajirin da ake kora daga filin ƙwallo. Iyayenmu suna ba da labarin "sambol", abin da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa a lakwal, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. Wato an koya wa yara cewa hanyar fita daga kunya ita ce ka jefa wani a ciki. Sambol ya ja baya, amma darasin nan nasa yana nan daram. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya sha cin zali daga ƴan uwansa a cikin wata guda. Mu ba a wata duniyar muke ba.

Na san amsar da ake bayarwa: "Ai wasa ne." Lalle muna da wasa, kuma abin alfahari ne. A 2014 UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin gadon al'adun duniya. Amma wasan taubasai yana da doka. In na tsokane ka kana da ikon ramawa, mu yi dariya tare, kuma ranar da ka shiga uku ni ne na farko a ƙofarka. Inda mutum goma suka taru a kan ɗaya, shi ba ya iya buɗe baki, gobe ma haka, jibi ma haka, wannan sunansa zalunci. Ma'aunin ba wuya: dubi fuskar wanda ake yi wa wasan. Yana dariya?

Abin da Aïcha Macky ta yi da kyamara, kowannenmu na iya yi ba tare da ita ba. Ta je ta zauna, ta kira mutane da sunansu, ta saurara. Mai cin zali ƴan kallo ne jarinsa, in mutum uku suka ƙi dariya kasuwarsa ta watse. Shugabannin aji su daina rubuta sunan masu surutu kaɗai, su kai ƙarar masu laƙabin wulaƙanci. Mushe kuma, don Allah, kada ya zama shi ne mai fara raɗa wa yaro suna a gaban allo, domin abin da malam ya faɗa sau ɗaya aji zai maimaita shi shekara guda. Alhamis ta farkon watan Nuwamba ita ce ranar duniya ta yaƙi da cin zali a makarantu. Ina ba da shawara ƙungiyarmu ta nemi izinin nuna fim ɗin ga manyan ɗalibai a ranar, tunda akwai wuraren da suka yi wa ƙanana nauyi, sannan a tattauna tambaya ɗaya tak: wane ne muka tura Kara-Karar ajinmu?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da muke yi wa dariya yau zai girma, kuma a garin nan zai girma, tare da mu.