Abin da Masu Kallo Ke Nema a Fina-finan Dogon Hutu

A Amurka makarantu kan tafi dogon hutu daga wajajen Yuni zuwa Agusta, iyalai su loda kaya a mota su nufi bakin teku ko gidan kakanni. Daga wannan al'ada aka sami wani nau'in fim na barkwanci mai tsari sananne: uba mai son a yi nishaɗi ko ana so ko ba a so, matashi ya ɗaure fuska a kujerar baya, tafiya kuma ta yi ta dagulewa. National Lampoon's Vacation na 1983, wanda John Hughes ya rubuta, yana cikin waɗanda suka kafa tsarin, sai dai uban ne gwarzonsa. Daga baya hankali ya koma kan yaron.

A nan The Way Way Back na 2013 ya yi fice. Duncan ɗan shekara 14 ne, an tafi da shi gidan hutun saurayin mahaifiyarsa a jihar Massachusetts. Tun suna kan hanya mutumin, Trent, ya nemi yaron ya ba wa kansa maki cikin goma, sannan ya yanke masa uku. Jim Rash, wanda ya rubuta fim ɗin kuma ya ba da umarni tare da Nat Faxon, ya bayyana cewa mijin mahaifiyarsa ya taɓa yi masa haka yana yaro. Masu kallo sun girgiza musamman saboda Steve Carell ne ya fito a Trent, mutumin da suka saba gani a matsayin mai ban dariya marar mugunta. Duk wanda ya san zaman agola zai gane shirun da Duncan ya yi bayan wannan magana. Dariyar kuwa tana zuwa daga baya, a wurin wasan ruwa na Water Wizz, inda Owen (Sam Rockwell) ya ba shi aiki ya kuma ɗauke shi a matsayin mutum. A ganina barkwancin Owen yana shiga rai ne don mun riga mun ga raunin da yake wa magani. An fara nuna fim ɗin a bikin Sundance, kamfanin Fox Searchlight ya saye shi kan kusan dala miliyan 10, kuɗi mai yawa ga ƙaramin fim irin wannan.

Diary of a Wimpy Kid: The Long Haul na 2017 ya gamu da akasin haka. Shi ma tafiyar iyali ce a mota, ta yaro Greg Heffley da iyalinsa, zuwa bikin cikar kaka shekara 90. Amma yaran da suka fito a fina-finai uku na farko, daga 2010 zuwa 2012, sun girma, sai aka sauya 'yan wasan gaba ɗaya. Tun daga tallar farko matasa suka tayar da ƙura a intanet da taken #NotMyRodrick, suna ƙin Charlie Wright da ya gaji Devon Bostick a matsayin Rodrick, yayan Greg. Zagin da aka yi wa wannan saurayi zalunci ne, domin ba shi ya zaɓi kansa ba. Amma fushin ya nuna wani abu: waɗannan matasa sun tashi tare da iyalin Heffley, suna jin kamar an shiga gidansu an sauya musu ɗan'uwa. Da fim ɗin ya fito kuma, sai aka tarar da faɗuwa da amai da ƙazanta, ba wani abin da ke damun Greg da mai kallo zai ɗauka nasa ne. Shi ne ya fi ƙarancin ciniki cikin fina-finan huɗu.

Masu shirya irin waɗannan fina-finai sukan ɗauka matashi dariya kawai ya zo saye. Martanin da aka yi wa fina-finan nan biyu ya nuna ya zo ne ya ga wanda ya fahimci takurar zama cikin manyan da ba sa sauraronsa. The Way Way Back ya ba shi wannan, The Long Haul bai ba shi ba.