Zumunta a Ƙafa Take: Sharhi a Kan Littafin Bowling Alone na Robert Putnam



Littafin da zan yi sharhi a kai yau da Ingilishi aka rubuta shi, kuma a kan Amurka yake magana. Wani abokina malamin makaranta ne ya ara mini shi nan Yamai, na yi wata uku ina fama da shi da ƙamus a gefe, don ni ɗan makarantar Faransanci ne. Abin da ya hana ni ajiye shi kuwa shi ne na riƙe muƙamin magatakarda na shekara tara a wani reshen ƙungiyar zumunta ta ƴan garinmu mazauna Yamai, kuma a gabana reshen ya mutu. Na shiga littafin ina neman dalili.

Abin da littafin ya ƙunsa

Robert Putnam ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Harvard. A 1995 ya fitar da wata maƙala, daga baya ya faɗaɗa ta ta zama littafi mai shafi sama da 500 a shekarar 2000. Sunan littafin ya samo asali daga wani wasa da Amurkawa ke yi, inda ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan daɓen katako don a kayar da sanduna goma. Putnam ya lura cewa tsakanin 1980 da 1993 masu yin wasan sun ƙaru da kashi 10 cikin 100, amma masu yin sa cikin ƙungiya sun ragu da kashi 40. Wasan na nan, taron ne ya watse. Ma'anar sunan ke nan: yin wasan kai kaɗai.

Daga nan ya bi rayuwar Amurkawa ɗaki ɗaki: zaɓe, coci, ƙungiyoyin ƙwadago, taron iyayen yara, har ziyarar maƙwabta. Wanda ya fi jan hankalina shi ne inda ya tattara ƙungiyoyi 32 masu rassa a faɗin ƙasar, ya nuna yadda yawan mambobinsu ya hau bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai ƙololuwa wajen 1960, sannan ya shiga gangara. Cikinsu akwai ƙungiyoyin ƴan uwantaka na maza irin su Masons da Elks da Moose, waɗanda kowace ke da zaurenta a gari, da babban zaure a samansa. Masons kaɗai sun haura mutum miliyan 4 a 1959. Yau ba su kai miliyan ɗaya ba.

Na san da yawanmu da jin sunan Masons sai mu ce ƙungiyar asiri, mu tofar da yawu. Ni ma ban zo tallar aƙidarsu ba, kuma ba ruwana da rantsuwarsu. Tsarin rassansu nake dubawa, yadda ya tara mutane da yadda ya sake su, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Inda marubucin ya burge ni

Putnam bai tsaya ga ƙirga sunaye a rajista ba. Ya bambanta mutumin da sunansa ke cikin littafi da mutumin da ke zuwa zama. Ya kawo misalin ƙungiyar tsofaffi ta AARP, wadda ta tashi daga mutum 400,000 a 1960 zuwa miliyan 33 a tsakiyar shekarun 1990, alhali galibin mambobinta ba su taɓa haɗuwa da juna ba, kuɗi kawai suke aikawa a aiko musu da mujalla. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar ƙungiya ya san wannan ciwon. A namu reshen sunaye sittin da wani abu ne a littafi har ranar da muka daina zama, amma a zaman ƙarshe mu bakwai ne, har da yaron da ke dafa shayi.

Haka kuma bai ɓoye aibin waɗannan ƙungiyoyi ba. Ya ware babi guda a kan mummunan gefen zumunci, inda haɗin kan na ciki ke zama katanga ga na waje. Gaskiya ne kuwa: Elks ba ta buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata ba sai 1973, mata kuma sai 1995, kuma tun ƙarni na 18 baƙaƙen fata suka kafa nasu zaurukan Masons a ƙarƙashin Prince Hall saboda an ƙi karɓarsu. Salon littafin ma mai sauƙi ne, duk da yawan jadawali da alƙaluma. Yana kawo labarin ƙaramin kulob na wani gari kafin ya ɗora lissafi a kai, don haka mai karatu ba ya gajiya da wuri.

Inda nake da ja

Da ya zo rabon laifi, Putnam ya kasa shi kamar haka: matsin aiki da kuɗi kusan kashi 10, nisan unguwanni da doguwar tafiya zuwa aiki kusan kashi 10, talabijin kusan kashi 25, sauyin zamani tsakanin iyayen da suka ga yaƙi da ƴaƴansu kuwa kusan rabi. Shi da kansa ya ce ƙiyasi ne. To amma dubi jerin da kyau: dukkan dalilan daga waje suke. Kamar a ce zauren yana nan yadda yake, mutane ne kawai suka lalace. Ni a ganina tambaya ta farko ita ce, me mutum ke samu a zauren da ba zai samu a wani wuri ba, kuma yaushe aka daina ba shi?

Mu ɗauki ƙungiyar Odd Fellows, wadda Thomas Wildey ya kafa reshenta na Amurka a birnin Baltimore a 1819. Ayyuka huɗu ta ɗora wa mambobinta: duba mara lafiya, agaza wa wanda ke cikin ƙunci, binne mamaci, da ilimantar da maraya. Ma'aikacin da ya kwanta ciwo zaurensa na biyansa wani abu duk mako, kuma ƴan uwa na zuwa su kwana a gefensa bi da bi. Masanin tarihi David Beito, a littafinsa na shekarar 2000 kan ƙungiyoyin taimakon juna, ya nuna yadda zauruka da yawa ke ɗaukar likita da kwangila, kowane mamba ya biya dala ɗaya ko biyu ta Amurka a shekara, a duba shi duk lokacin da ya buƙata. Ƙungiyoyin likitoci suka yaƙi wannan tsari don yana karya musu farashi. Kamfanonin inshora suka shigo. A 1925 uwar ƙungiyar Odd Fellows ta daina wajabta wa rassa biyan kuɗin rashin lafiya. A 1935 gwamnati ta kawo dokar fansho da tallafi.

Ga abin lura: Odd Fellows ta kai ƙololuwarta a farkon shekarun 1920, daga nan ta soma raguwa. A lokacin babu talabijin a gidan kowa. Sai a shekarun 1950 ta cika gidajen Amurka. Ashe ke nan ƙungiyar ta fara zubar da mutane shekara kusan talatin kafin babban wanda Putnam ke tuhuma ya iso. Ruwa ba ya tsami banza.

Don adalci, Putnam ya taɓo batun gwamnati, ya ce ƙasashen da suka fi kashe kuɗi kan jin daɗin jama'a, irin na arewacin Turai, ba su fi wasu ƙarancin ƙungiyoyi ba. Kuma Masons sun ci gaba da hawa har 1959, shekara ashirin da huɗu bayan dokar fansho. Wannan hujja ce, na karɓa. Sai dai ita Masons ba a kan kuɗin ciwo ta ginu ba tun asali. Abin da take bayarwa shi ne sanayya da mutunci a gari, da hanyar samun aiki ko ciniki. Da takardar jami'a da manyan kamfanoni suka zama hanyar samun waɗannan, ita ma sai ta bi sahu. Kowace ƙungiya ta fara gangara ne a lokacin da abin da take bayarwa ya samu a wani wuri, shi ya sa lokutan suka bambanta. Haɗa ƙungiyoyi 32 a jadawali ɗaya ya ɓoye wannan bambanci.

Ja na biyu shi ne batun shugabanci. A nan abokiyar aikinsa a Harvard, Theda Skocpol, ta fi shi gani a littafinta Diminished Democracy na 2003. Ta nuna cewa tsofaffin ƙungiyoyin nan kowane zaure na da kujeru da yawa, ana juya su duk wata shida ko shekara, har kafinta da makanike su koyi jan zama, riƙe asusu, da wakiltar garinsu a taron jiha. Daga shekarun 1960 sai aka koma ga ƙungiyoyin da ƙwararru ke gudanarwa daga ofis a babban birni, da kuɗin masu ba da tallafi. Mamba ya tashi daga mai aiki ya koma mai aika kuɗi. Putnam ya ga alamar, amma ya ɗauke ta a matsayin sakamako. Ni kuwa sanadi na ɗauke ta, domin a gabana abin ya faru.

Reshenmu da ƙarfinsa ya fara. Duk Lahadin farkon wata muna haɗuwa, kowa ya ajiye dala ɗari. Wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa, a take ma'aji zai buɗe akwati a gaban kowa. Sai uwar ƙungiya ta yanke cewa duk rassa su riƙa tura kuɗinsu asusu guda, za a sayi fili a gina ofis. Niyya mai kyau ce, kuma ban zargi kowa da cin ko dala ba. Amma daga ranar, in wani ya kwanta asibiti sai mun rubuta takarda mun jira sa hannu. Da aka buɗe mana zaure a WhatsApp, aka ce kowa na iya tura kuɗinsa ta waya, sai dalilin zuwa ya ƙare gaba ɗaya. Ranar da wani dattijonmu mai gadi ya rasu, wanda bai taɓa fashin biya ba, kwana biyu muka yi muna bi gida gida kafin mu haɗa abin da za a bai wa iyalinsa su koma gida. Har yau ina jin kunyar matarsa. Babu wanda ya fasa zuwa zama saboda talabijin.

Maganin da bai yi ba

Irin wannan kuskuren fahimta shi ke haifar da kuskuren magani. In ka ɗauka lokaci ne mutane suka rasa, sai ka rage musu wahalar shiga. Haka wasu manyan zaurukan Masons suka yi: matakai uku da a da ake ɗaukar watanni ana hadda kafin a haye, suka mayar da su aikin yini guda. A jihar Ohio a 2002 sun shigar da mutum sama da 7,000 a rana ɗaya. Rajista ta cika, amma gangarar ba ta tsaya ba. Mu ma mun san wannan a Nijar. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974, gwamnati ta farfaɗo da Samariya ta baza ta ko'ina, kowace unguwa da sarkin samarinta. Da hannun gwamnati ya janye bayan taron ƙasa na 1991, sai ga gidajen Samariya da yawa babu kowa.

A shekarar 1991 ɗin dai aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tare da ƙungiyar CARE. Mata kaɗan ne a kowane rukuni, duk sun san juna. Suna zama duk mako, akwatin na tsakiyarsu, makullai a hannun mata daban daban, ana ba da rance a gaban kowa, ƙarshen zango a raba. Wadda ba ta zo ba ana cin ta tara. Tsarin ya fi na ƙungiyarmu tsanani nesa ba kusa ba, amma ya rayu har ya bazu zuwa ƙasashe da dama, a zamanin talabijin da wayar hannu. Da lissafin Putnam ya cika, da bai kamata hakan ta yiwu ba.

Kammalawa

Babin ƙarshe na littafin shi ne mafi rauni. Bayan ɗaruruwan shafuka na hujja, sai ya ƙare da kiraye-kiraye ga ƴan ƙasa su ƙara shiga jama'a, kamar wa'azin da ba a faɗi yadda za a yi aiki da shi ba. Magatakardan reshe da ke kallon tabarma babu kowa ba zai samu abin yi a ciki ba. Bugun 2020 ya ƙara bayani kan intanet da kafofin sada zumunta, amma asalin rabon laifin na nan.

Duk da haka ina ba da shawarar a karanta shi, musamman masu riƙe da rassan ƙungiyoyin marubuta da na ƴan gari, a haɗa da na Beito da na Skocpol in an samu. Wanda ba ya jin Ingilishi kuma, ga abin da na tsinta: a bar akwati a reshe inda idon mai zubi ke ganinsa, a juya kujeru kada mutum ɗaya ya shekara tara da alƙalami kamar yadda na yi, a ba sabon shiga aiki tun watan farko, kuma a ajiye wani abu guda da ba a samunsa sai an zo da ƙafa. Hausawa sun riga Putnam faɗa cewa zumunta a ƙafa take, sai dai ƙafar ma tana son dalilin fita.

Mu huɗu daga cikin bakwai ɗin nan mun sake fara zama bayan sallar layya, da sabon akwati mai makulli biyu. A watan jiya mun kai goma sha ɗaya. In akwai wanda ya karanta littafin ya ga na yi wa marubucin rashin adalci, ina maraba da gyara. Allah ya sa mu dace.