Kafin Duniya Ta San Shi Ali Ne: Bitar Littafin King of the World

Ranar 16 ga Agustan 2025, a birnin Riyad, Moses Itauma ya gama da Dillian Whyte tun ba a cika minti biyu da kaɗa ƙararrawa ba. Yaron shekararsa 20 a lokacin. Ubansa ɗan Najeriya ne, uwarsa 'yar Slofakiya, a Ingila kuma ya yi wayo. Kafin gari ya waye masu kallon damben zamani sun rabu gida biyu. Wasu na rantsuwa an sake haifo Mike Tyson. Wasu na cewa a bi a hankali: Whyte shekararsa 37, tun 2022 Tyson Fury ya sauke masa girman kai, shi kuwa yaron a karawa 13 da ya yi zuwa wannan dare bai taɓa wuce turmi na shida ba, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na saurari ɓangarorin biyu har kunnena ya gaji, sai na koma na kakkaɓe wani tsohon littafi da ya ba da labarin irin wannan gardama, wadda aka yi shekara sittin da suka wuce a kan wani yaro mai surutu daga Louisville.

Sunan littafin King of the World, wato Sarkin Duniya. David Remnick ne ya rubuta shi, ya fito a 1998, shekarar da ya zama editan mujallar New Yorker. Kafin nan ya ci kyautar Pulitzer a 1994 da littafinsa kan rugujewar Tarayyar Sobiyet. Ke nan mutum ne da ya saba kallon yadda tsohon gini ke tsagewa kafin ya faɗi, kuma da wannan idon ya kalli damben Amurka tsakanin 1962 da 1967. Bai yi niyyar rubuta tarihin Muhammad Ali daga haihuwa zuwa tsufa ba. Babu karawarsa da Frazier a nan, babu ta Foreman a Kinshasa. 'Yan shekarun da Cassius Clay ya rikiɗa ya zama Ali kawai ya yanko.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda ya ƙi sakin jarumin nasa da wuri. Sai ka ci babi bayan babi ba ka ga Clay sosai ba, kana tare da mutum biyu da suka riƙe kambun kafin shi. Ga Floyd Patterson, mai kunya, mai ladabi, wanda ya ci kambun a 1956 yana ɗan shekara 21, amma tsoron kunyar shan kaye ya sa yake yawo da gemun ƙarya a jaka, don in an kashe shi ya manna ya sulale ba wanda ya gane shi. Ga kuma Sonny Liston, ɗan manomin auduga daga Arkansas, bai iya karatu ba, a gidan yarin Missouri ya koyi dambe, ya fito ya faɗa hannun 'yan Mafiya irin su Frankie Carbo da Blinky Palermo. Jaridun Turawan Amurka sun riga sun raba musu riguna: Patterson shi ne baƙar fatar kirki, Liston shi ne dodo. Da suka haɗu a Chicago ranar 25 ga Satumban 1962, dodon ya gama aiki cikin minti biyu da daƙiƙa shida. Aka sake a Las Vegas a Yulin 1963, Patterson ya ƙara daƙiƙa huɗu kacal.

Akwai wani wuri a wannan sashe da ba na mantawa. Liston ya ci kambun duniya, ya hau jirgi zuwa Philadelphia yana ta shirya jawabin da zai yi wa jama'ar da za su tarbe shi, yana ƙudurin zama zakaran da yara za su yi koyi da shi. Ya leƙo daga ƙofar jirgi, babu kowa sai 'yan jarida ƙalilan da ma'aikatan filin jirgi. Remnick bai wanke Liston ba, bai ɓoye fashin da ya yi ko ƙashin mutanen da ya karya wa iyayen gidansa ba, amma bayan wannan shafi da wuya ka sake kiransa dodo da zuciya ɗaya.

Amfanin wannan doguwar shimfiɗa shi ne, lokacin da Clay ya shigo, kai mai karatu ka riga ka ji tsoron Liston a jikinka. Nan ne littafin ya yi abin da yawancin rubuce-rubuce kan Ali suka kasa. Mu da muka zo daga baya mun san ƙarshen labari, saboda haka muna ɗaukar waɗanda suka raina yaron a matsayin wawaye ko masu ƙiyayya. Cikin 'yan jarida 46 da aka tambaya kafin karawar Clay da Liston a Miami, 43 Liston suka zaɓa. Wajen masu caca, wanda ya zuba dala ɗaya a kan Clay bakwai zai kwasa. Jaridar New York Times ba ta ma ga dalilin tura babban marubucinta ba, sai ta aika matashi Robert Lipsyte, aka ce masa ya binciko hanya mafi sauri daga zauren dambe zuwa asibiti, don can za a kai yaron.

To amma mutanen nan suna da hujja, kuma Remnick ya bar hujjar ta tsaya da ƙafarta. Lambar zinaren da Clay ya ci a Rum a 1960 a ajin da ke ƙasa da na masu nauyi ya ci ta. Karawa 19 kawai ya yi a damben kuɗi. Sonny Banks, wanda ba wani shahararre ba ne, ya kai shi ƙasa a 1962. Archie Moore da ya doke a turmi na huɗu kusan sa'an ubansa ne. A Maris na 1963 Doug Jones, mutumin da bai kai shi jiki ba, ya ja shi turmi goma a Madison Square Garden, da aka ba Clay nasara 'yan kallo suka yi ta ihu suna jifa. Bayan wata uku, a Wembley, Henry Cooper ya zabga masa hagu a ƙarshen turmi na huɗu ya zube a jikin igiya, ƙararrawa ce ta cece shi. Sannan ga salon nasa da duk wani tsohon mai horarwa zai kira ganganci: hannuwa a ƙasa, ba ya dukan ciki, in naushi ya taho maimakon ya sunkuya ko ya kauce gefe sai ya ja kai baya. Duk wanda ya ga Cooper ya same shi, ya kuma ga abin da hagun Liston ya yi wa Patterson, in ya ce yaron ba zai kai turmi na uku ba ai lissafi ya yi.

Kuskurensu, a fahimtata daga littafin, ba a kallon Clay kaɗai yake ba. Sun ƙura wa yaron ido har suka manta su dubi zakaran. Daga Disamban 1961 zuwa daren Miami, sau uku kacal Liston ya shiga fage, kowanne bai fita turmin farko ba. In ka haɗa, minti shida ne da 'yan daƙiƙu a cikin sama da shekara biyu. A takarda shekararsa 31, amma mutane da yawa sun yi imani ya girmi haka nesa. Shi kansa ya yarda da abin da jaridu ke faɗa, ya yi atisayen wanda zai yi aikin turmi biyu ya koma gida. Saurin kisan da ya sa ake tsoronsa shi ne ya ɓoye cewa ba wanda ya san ko ƙafafunsa za su ɗauke shi minti ashirin. Abin dariya, tambayar da aka yi wa Itauma bayan daren Riyad, wato me zai faru in faɗa ya yi tsawo, a 1964 zakaran ya kamata a yi wa ita, ba mai neman kambun ba.

Sai kuma bakin yaron. Tsofaffin marubuta irin su Jimmy Cannon sun tashi da Joe Louis, zakaran da ba ya magana sai an tambaye shi, kuma shi ne mudun da suke auna kowa da shi. Ga wani ya zo yana yabon kyawun fuskarsa, yana faɗin turmin da zai kayar da abokin karawa, yana tuƙa bas har ƙofar gidan Liston a Denver cikin dare yana kiransa da sunan dabba. Suka ɗauka wanda ke da abin yi ba ya wannan haushi. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a gidan dambe ba zai yi wannan kuskure ba, domin ya san kirari rabin faɗa ne, ya san abin da kiɗan Ɗan Anace ke yi wa ɗan dambe Shago da kuma abin da yake yi wa wanda zai tare shi. Remnick ya bi sawun wannan ɗabi'a har zuwa ɗan kokawar nan Gorgeous George, wanda Clay ya gani a Las Vegas a 1961 ya lura cewa mutane na biyan kuɗi don su ga an rufe bakin mai cika baki. Ranar awon nauyi kafin karawa da Liston, Clay ya yi ta ihu da tsalle har bugun zuciyarsa ya kai 120, aka ci shi tarar dala 2,500, likitan hukuma ya ce tsoro ne ke neman kashe shi. Da aka sake auna shi a gida bayan 'yan sa'o'i, lafiya lau. Lissafinsa shi ne Liston ya saba da masu ƙarfi tun a kurkuku, amma ba wanda ya san ta inda mahaukaci zai ɓullo.

Babin karawar kanta, ranar 25 ga Fabrairun 1964, shi ne ƙololuwar littafin, kuma marubucin bai cika shi da ado ba. Zauren kusan rabinsa babu kowa. Da suka tsaya a tsakiya sai aka ga ashe yaron ya fi dodon tsawo. Turmin farko Liston ya yi ta dukan iska. A na uku fuskarsa ta tsage a ƙarƙashin idon hagu. Sannan a ƙarshen na huɗu wani abu ya shiga idon Clay, ya koma lungunsa ba ya gani, yana ce wa mai horar da shi Angelo Dundee ya yanke masa safar hannu ya haƙura. Dundee ya wanke masa ido, ya tura shi, ya ce ya yi ta gudu. Minti uku ya yi yana kewaya mutumin da ya fi kowa naushi a duniya, hannu ɗaya a miƙe kamar makaho mai laluben bango. Duk gardamar da aka yi ta shekara uku a kan ko yana da zuciya, a wannan turmi na biyar aka yanke ta, kuma babu wani awo ko ƙidayar nasarori da zai iya faɗin amsar tun kafin lokacin. Shi kansa, a daƙiƙar farko, cewa ya yi a tsaya. Da aka kaɗa na bakwai Liston ya tofar da robar bakinsa ya ƙi tashi, ya ce kafaɗa.

Ina da ƙorafi biyu. Na farko ya shafi addini. Remnick ya yi bayanin ƙungiyar Nation of Islam da kyau, da koyarwar shugabanta Elijah Muhammad wadda ta yi hannun riga da Musuluncin da muka sani, da yadda aka raɗa wa Clay sabon suna a rediyo ranar 6 ga Maris 1964, da yadda ya juya wa Malcolm X baya, abin da ya yi nadama daga baya. Amma ya fi kallon lamarin a matsayin tawayen siyasa da neman uba, bai cika tsayawa kan mutumin da ke neman Ubangijinsa ba. Da yake labarin ya tsaya a 1967, lokacin da Ali ya ƙi shiga soja, mai karatu ba ya ganin komawarsa tafarkin Sunna a 1975, sai ya tashi da rabin hoto. Na biyu, ziyararsa Gana da Najeriya da Masar a 1964 an ratsa ta da sauri, an fi ba da ƙarfi ga gamuwarsa da Malcolm a Akara. Ga wanda ke karatu daga wannan gefen teku, nan ne ake son a zauna a ga yadda yaron Louisville ya fara gane cewa sunansa ya fi Amurka faɗi.

Duk da haka ba littafin fadanci ba ne. Ya nuna shakka kan labarin nan da ake yawan maimaitawa na jefa lambar zinare a kogin Ohio. Bai kawar da kai daga abin da Ali ya yi wa Patterson a Nuwamban 1965 ba, inda ya riƙa azabtar da mutum mai ciwon baya har turmi goma sha biyu don ya ƙi kiransa da sabon sunansa. Karawarsa ta biyu da Liston a Lewiston a Mayun 1965 ma, da naushin da rabin 'yan kallo suka ce ba su gani ba, ya jera bayanan kowa ya bar maka hukunci.

Shafukan farko su na fi komawa. Remnick ya je gonar Ali a Michigan, suka zauna gaban talabijin aka sa faifan karawar Miami. Mutumin ya haura hamsin, cutar Parkinson ta riƙe masa harshe, hannuwansa na rawa a kan cinya. A cikin akwatin kuwa ga ɗan shekara 22 yana shawagi a kan yatsun ƙafa, kai na ja baya, naushin Liston na wucewa da tazarar ɗan yatsa. Tsohon ya ƙura masa ido, yana nuna wa baƙonsa yaron cikin raɗa.