Taliya Mai Ciki: Daga Romon Bologna Zuwa Kwanon Salak

A birnin Bologna da ke arewacin Italiya akwai wata 'yar taliya da mutanen garin ke ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Sunanta tortellini. Ana kwaɓa fulawa da ƙwai, a murza kwaɓin har ya yi shara-shara, a yayyanka shi ƙanana, a ɗora ɗan haɗin nama da cuku a tsakiya, a ninke, a naɗe a kan yatsa, sai ta fito tamkar cibiyar mutum. A can mazaunin da aka fi sanin ta da shi shi ne romo mai zafi, musamman a teburin Kirsimeti. Amma wanda ya leƙa gidajen Amurka da bazara zai iske ta cikin wata shiga dabam: an sayo ta a fakiti daga kanti, an tafasa ta na 'yan mintoci, an cakuɗa ta da tumatir da kokwamba da tattasai da albasa, an zuba man zaitun da ruwan tsami, an sa a firji ta yi sanyi. Wannan haɗi ya zama ruwan dare saboda sauri da araha, kuma masu kishin girkin Italiya na kallonsa a matsayin cin mutunci. Ni a ganina abinci ne mai mutunci, kuma babban mai ba shi shaida shi ne tarihin tortellini ɗin kanta.

Kafin a kai ga nan, ya kamata a ba masu ƙorafi haƙƙinsu, domin ba a banza suke kumfar baki ba. Ranar 7 ga Disamba, 1974, wata ƙungiyar masoya tortellini tare da Cibiyar Nazarin Girkin Italiya suka kai rubutaccen tsarin haɗinta ga Majalisar Kasuwanci ta Bologna aka adana: naman alade iri uku, wato tsokar gadon baya da busasshiyar cinya da tsiran da suke kira mortadella, sai cukun Parmigiano Reggiano, da ƙwai, da gyaɗar ƙamshi. Matan da ke murza kwaɓin da doguwar sanda, waɗanda ake kira sfogline, sukan shafe shekaru kafin hannunsu ya faɗa, har mutanen garin kan ce kwaɓi bai yi ba sai in an ɗaga shi an hango cocin San Luca da ke bisa tudu ta cikinsa. Bologna da maƙwabciyarta Modena sun daɗe suna jayayya a kan wanda ya ƙago ta, har tatsuniya ta raba gardama ta danƙa asalinta ga Castelfranco Emilia, garin da ke tsakaninsu. Ƙasar da aka yi zanga-zanga a Roma a 1986 don an buɗe shagon McDonald's, abin da ya haifar da ƙungiyar Slow Food ta Carlo Petrini, ba za ta ga an jefa wannan gado a firji ta yi shiru ba. Tsoronsu shi ne kada saurin zamani ya cinye aikin hannu, kuma tsoro ne da ke da tushe.

Sai dai inda suka yi tuntuɓe shi ne ɗaukar takardar 1974 kamar da ita aka halicci abincin. Masana tarihin abinci na Italiya, irin su Luca Cesari da Alberto Grandi, sun nuna cewa a tsofaffin littattafan girki naman kaji ake cusa wa tortellini, alade bai mamaye cikinta ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19. Wannan bayani ya fito fili a watan Oktoban 2019, lokacin da aka shirya bikin waliyyin garin, San Petronio, a ƙarƙashin babban limamin Katolika na Bologna, Matteo Zuppi, aka tanadi wani kaso na tortellini da naman kaza domin waɗanda ba sa cin alade, musamman Musulmi, su ma su sa hannu. Nan take 'yan siyasa irin su Matteo Salvini suka ce ana shafe tarihin Italiya. Ashe abin da suka kira baƙo shi ne ɗan gida na fari. Haka batun tumatir yake: daga nahiyar Amurka ya shiga Turai a ƙarni na 16, kuma bai zama abokin taliya na yau da kullum ba sai a ƙarni na 19. Da mutanen wancan lokaci sun kafe cewa ba a taɓa girkin kakanni, da babu jar miyar da duniya ta san Italiya da ita a yau. Duk abin da ake kira gargajiya, akwai ranar da ya kasance sabon abu a hannun wata mai girki da ta duba abin da ke gabanta ta yi dabara.

Salak ɗin tortellini ma haka ya samu. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa kimanin miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka tafi da taliyarsu, ta haɗu da ƙasar da ta saba da cin abinci mai sanyi a fikinik da walimar da kowa ke zuwa da kwanonsa. A shekarun 1980 salak ɗin taliya ya yi tashe sosai a can, daidai lokacin da ɗanyar taliya ta fakiti ta fara cika firjin kantuna. Wanda zai ɗora wa Amurkawa laifin fakitin kuwa sai ya fara duba gida. Giovanni Rana, wanda ya kafa kamfaninsa a 1962 kusa da Verona, ya soma ne da naɗa tortellini yana kaiwa ga masu saye a kan babur, saboda ya lura matan Italiya sun fara fita aiki, ba su da yinin da za su zauna murza kwaɓi. Sai a 2012 kamfanin ya buɗe masana'anta a jihar Illinois. Italiyawan kansu kuma suna cin taliya mai sanyi da kayan lambu idan zafi ya matsa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Uwar da ta taso daga aiki da magariba, yara na jiran abinci, kuɗin wata ya ja baya, ba za a ce mata ko dai ta dafa romon zakara na awa uku ko ta haƙura ba.

Akwai masu cewa girkin sauri girkin ganganci ne, suna kafa hujja da cewa sauri ya haifi nawa. Duk wanda ya tsaya ya kalli yadda ake haɗa wannan salak da kyau zai ga akwai ilimi a ciki. Ruwan tafasawa sai ya ji gishiri, domin sanyi na dakushe ɗanɗano. Ana barin taliyar ta ɗan ƙara laushi fiye da wadda za a ci da zafi, saboda tana yin tauri in ta huce, amma ba a barinta ta fashe cikinta ya zube a ruwa. Da an tsame ta, tun tana da ɗumi ake zuba mata rabin haɗin mai da tsami, kashi uku na man zaitun da kashi ɗaya na ruwan lemon tsami, domin a lokacin ne take shan sa. Sauran rabin sai za a ci, in ba haka ba a wayi gari ta bushe ƙayau. Kokwamba ana barbaɗa mata gishiri ta zubar da ruwanta kafin ta shiga kwano, albasa a jiƙa ta a ruwan sanyi yajinta ya ragu, a yanka komai daidai girman taliyar yadda kowane cokali zai ɗebo kowa da kowa. Ganyen ƙamshi shi ne na ƙarshe, don kada ya yi baƙi. Duk wannan bai wuce minti ashirin ba, amma mai yin sa ta san dalilin kowane mataki. Wanda ya san yadda ake kwaɗon zogale, ya san cewa abincin da bai daɗe a kan wuta ba shi ya fi tona asirin hannun mai yin sa.

Ƙorafi na gaba ya fi nauyi: araha ba ta ado, kuma taliyar fakiti kayan masana'anta ce, gishirinta da yawa, cukun cikinta bai kama ƙafar Parmigiano Reggiano ba. Gaskiya ne, ba kuma zan ce ta kai ta hannu daɗi ba. Amma awo na adalci shi ne a gwada ta da abin da iyalin za su ci in babu ita, wanda galibi soyayyen abincin kan hanya ne da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da na marmari a rana, kuma mutane da dama ba sa kaiwa. A wannan salak kuwa rabin kwanon ko fiye kayan lambu ne ɗanye, wanda wuta ba ta kashe amfaninsa ba. A nan ne ma arahar take: fakitin da zai ƙosar da mutum biyu in an ci shi zalla, idan aka haɗa shi da tumatir da tattasai da ɗan dafaffen wake sai ya wadatar da huɗu, ragowar kuma ta zama abincin rana na gobe. Dabarar talaka ce ta ko'ina a duniya, a sa abu mai tsada kaɗan ya ja mai araha da yawa.

Saura batun sfogline, ko fakiti zai kashe sana'arsu. Ba na musun cewa masu yin ta a gida sun ragu. Amma shagunansu na nan a Bologna, ana layi a ƙofarsu idan Kirsimeti ta gabato, har baƙi na biyan kuɗi don a koya musu murza kwaɓi, kuma da yawa daga cikin baƙin nan a fakiti suka fara jin sunan tortellini. Abincin biki da abincin ranar aiki ba kishiyoyi ba ne, kowanne da ranarsa. A ƙasar Hausa ma taliyar kanti ta shiga kowane gida, amma 'yar murji da manja da yaji ba ta rasa masoyanta ba. Abin da masu gado ke da ikon nema shi ne a kira abu da sunansa. Kada mai shago ya rubuta cewa salak ɗinsa girkin Bologna ne na asali, domin ba shi ba ne. Girki ne na Italiyawan Amurka da maƙwabtansu, kuma wannan asali ya ishe shi alfahari.

Sharaɗi biyu ne kawai zan gindaya wa mai son gwadawa. Na farko, abinci mai cuku da aka dafa aka sanyaya ba ya son zama a waje: ƙa'idar hukumomin lafiyar abinci na Amurka ita ce kada ya wuce awa biyu, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a yi daidai wanda za a cinye a zama ɗaya. Na biyu, Musulmi ya karanta bayan fakiti da kyau, domin sunaye irin su prosciutto da mortadella da salami galibi alade suke nufi. Mai cuku ko mai alayyafo ita ce aka fi yin salak da ita.

Darajar girki tana ga mutanen da ya ciyar da kuma kulawar da aka sa a cikinsa. Tsohuwar da ke naɗe tortellini ɗaya bayan ɗaya a Bologna, da ma'aikaciyar jinya a Chicago da ke yanka kokwamba da daddare don 'ya'yanta su sami abin tafiya da shi makaranta, niyyarsu ɗaya ce, lokacin da kowacce ke da shi ne ya bambanta. Taliyar da ta karɓi kaza, ta karɓi alade, ta sake komawa ga kaza don baƙo ya ci, ba za ta ƙi tumatir da man zaitun ba. A bar wa romo ranar biki, a bar wa salak ranar Talata, kowa ya ci ya gode wa mai girki.